Tona asirin gida? Ai gidan ne aka ƙone



A zaman ƙungiya na watan jiya, bayan an gama karatu da sharhi an shiga hira, wata 'yar uwa ta kawo shawarar mu haɗa labaran 'yan gudun hijirar da ke unguwanninmu, mu rubuta ƙorafi zuwa ga hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na Afirka da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba ta rufe baki ba wani daga cikin yayyenmu, mutumin da muke ganin girmansa ƙwarai, ya ce: "Ku yaran nan ba ku da aiki sai tona asirin gida. Me Bature zai yi muku?" Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka watse. Mu da ke zaune a bencin baya ba mu yi dariyar ba, ba mu kuma ba shi amsa a take ba saboda kunya. To yau ga amsar, Yaya, kuma a yi mana afuwa idan harshe ya yi kaifi.

Wane asiri ne ya rage? Mutanen da rikici ya raba da gidajensu a cikin Nijeriya sun haura miliyan 3. Suna nan a Maiduguri da Monguno da Damaturu, suna nan a kangwaye da azuzuwan firamare a Gusau da Anka da Katsina da Sakkwato. Matar da ke tsayawa a bakin shagonka da goyo tana neman sadaka, jiya tana da rumbu da awaki. Wanda aka ƙone masa gida ba shi da sauran asirin da za a rufa masa. Asirin da ake nufi na wanda ya kasa tsare gidan ne, da wanda ya karkatar da buhun shinkafar da aka aiko.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba, domin a Hausa duk "ɗan gudun hijira" muke cewa. A doka mutum biyu ne. Ka ɗauki wa da ƙane daga wani ƙauye a yankin Sabon Birni, aka kore su dare ɗaya. Wan ya yi arewa ya tsallaka iyaka ya shiga jihar Maraɗi. Daga ranar ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969, kuma akwai hukuma guda ta Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa musamman dominsa. Ƙanen ya yi kudu ya shigo garin Sakkwato. Shi bai tsallaka komai ba, don haka har yanzu amanarsa tana wuyan gwamnatin ƙasarsa, wato gwamnatin da ta kasa kare ƙauyensu tun farko. Idan ta ba shi abinci, ita ce. Idan ta hana shi, ita ce. Idan zai kai kuka, wurinta zai kai. Yanzu a ce wa wannan bawan Allah kada ya ɗaga murya ta wuce katanga? A da ma wanda bai gamsu da hukuncin alƙali ba yakan ɗaukaka ƙara zuwa fadar Sarki, ba a kuma ce masa ya tona asirin gari ba.

Sai batun Bature. Wannan shi ya fi ba mu mamaki, domin takardun da muke magana a kai yawanci ba Bature ya rubuta su ba. Ƙa'idoji 30 na kula da waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, waɗanda aka gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1998, Francis Deng ne ya jagoranci aikinsu, mutumin kudancin Sudan da ya ga yaƙi a gidansu. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981, babban alƙalin Senegal Keba Mbaye ne ya shugabanci masu tsara ta, kuma Nijeriya ta mayar da ita dokar ƙasa tun 1983, kana iya kafa hujja da ita a kotun garinku. Sannan a Oktoban 2009 shugabannin Afirka suka zauna a Kampala ta Yuganda suka amince da yarjejeniyar kare 'yan gudun hijirar cikin gida, irinta ta farko a duniya da ta ɗaure nahiya guda. Nijeriya ta rattaba amincewarta a 2012. Babu wanda ya ɗora mata bindiga a ka. Da hannunta ta ɗauki alƙalami, sannan aka shafe fiye da shekara goma majalisar ƙasa ba ta mayar da ita dokar gida ba, alhali sashe na 12 na tsarin mulki ya ce sai an yi hakan kafin yarjejeniya ta yi aiki a kotunanmu. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda muke yi wa kallon ƙanwa, ta yi cikakkiyar dokar 'yan gudun hijirar cikin gida a Disamban 2018.

Me ke cikin takardar ta Kampala? Sashe 23 ne kacal, ba ta kai littafin soyayya mai lamba ɗaya tsawo ba. Sashe na 9 ya hana gwamnati tilasta wa mutum komawa inda ransa ko lafiyarsa ke cikin haɗari, ya kuma ɗora mata kare mata daga fyaɗe da kare kowa daga yunwa. Sashe na 11 ya ce mutum ne zai zaɓa da kansa, bayan an sanar da shi gaskiyar halin da ake ciki: ko ya koma garinsu, ko ya zauna inda yake, ko a tsugunar da shi wani wuri. Sashe na 12 ya yi maganar diyya. Na 13 ya ce a yi musu rajista a ba su takardun shaida da suka ɓata a wajen gudu. A cikinmu nan, mu da muke kiran kanmu marubuta, mutum nawa suka taɓa karanta ta? Mutum nawa suka taɓa ganin ta da Hausa?

Mu ɗora wannan a kan abin da ya faru a Borno. A Oktoban 2021 Gwamna Zulum ya sanar da cewa za a rufe duk sansanonin gwamnati da ke Maiduguri kafin shekara ta ƙare. Hujjarsa ba ta banza ba ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba: zaman sansani yana kashe zuciya, yara suna tashi ba su san gona ba, mutum ba zai dawwama yana bin layin abinci ba. Mun yarda. Aka rufe sansanin Bakassi, daga baya aka rufe Dalori. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga mutum fiye da 140,000 da aka fitar daga sansanoni takwas tsakanin Mayun 2021 da Agustan 2022, ta kuma ce da yawansu sun faɗa yunwa. A Disamban 2021 kuma aka hana ƙungiyoyin agaji raba abinci a garuruwan da aka mayar da mutane. Tambayar da sashe na 11 yake yi ƙarama ce: an ba su zaɓi? Mutanen Kukawa da aka raka gida a farkon Agustan 2020, makonni biyu da 'yan kwanaki aka yi mahara suka shigo garin. A Satumban 2025 an kashe fiye da mutum 60 a Darajamal ta ƙaramar hukumar Bama, garin da ba a jima da mayar da mutanensa ba. Kyakkyawar niyyar gwamna ba ta amsa wannan tambayar. Kuma idan majalisar jiha ba za ta yi ta ba, jaridun gida suna tsoron rasa talla, to dole a samu wurin da za a yi ta.

Ga kuma Rann. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin ƙasarmu ya saki bama-bamai a kan 'yan gudun hijira a daidai lokacin da ake shirin raba musu kayan agaji. Hedikwatar tsaro da kanta daga baya ta ce mutum 112 ne suka rasu, ta ce dalilin shi ne ba a yi wa wurin alama yadda ya kamata ba. Shugaban ƙaramar hukumar ya ba da adadi da ya ninka haka. Mun yi ta'aziyya a Facebook kwana uku, muka wuce. Wa ya ga an gurfanar da wani a bainar jama'a?

Yanzu bari mu zo kan ƙofofin, don kada a ce surutu kawai muke yi.

Ƙofar da ta fi kusa ba ta buƙatar fasfo. Kotun ECOWAS a Abuja take. Tun 2005 aka ba ta ikon sauraren ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa idan an take masa haƙƙi, kuma abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba sai ka gama zagaye kotunan gida ba kafin ka je. Sharaɗinta dai kada ƙarar ta zama marar suna, kada kuma a ce tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Hadizatu Mani, 'yar ƙasar Nijar da aka sayar tana shekara 12, ba ta da digiri, ba ta da ɗan uwa a gwamnati. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasarta gaban wannan kotu, a Oktoban 2008 aka yanke cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, aka ce a biya ta sefa miliyan 10, aka kuma biya. In an ce wannan can ne, to ga namu: 'yan ci-rani masu tuƙa keke napep da jami'an tsaro suka buɗe wa wuta a wani kango a unguwar Apo ta Abuja a Satumban 2013, aka kashe takwas. An fara cewa 'yan Boko Haram ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bincika ta ce ƙarya ne, ta yanke diyyar naira miliyan 135 a 2014. Gwamnati ta yi shiru. Aka tafi kotun ECOWAS, ita ma a 2016 ta kama gwamnati da laifi. A 2018 aka biya naira miliyan 135 ɗin. Shekara huɗu da ɗoriya, kuɗin bai dawo da rai ko ɗaya ba, amma sunan ta'addancin da aka laƙaba wa matattu ya goge, 'ya'yansu za su iya ɗaga kai. Da an bi shawarar rufa asirin gida, da har yau 'yan Boko Haram ne a takarda.

Ƙofa ta biyu tana Banjul ta Gambiya, inda hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka take. Ita sai ka nuna ka gwada kotunan gida, ko ka nuna babu hanyar samun adalci a can. Mutanen Ogoni sun bi ta nan a 1996, a zamanin Abaca, lokacin da buɗe baki ma haɗari ne, hukunci ya fito a 2001 cewa an take musu haƙƙin muhalli da na abinci. A 2009 hukumar ta yanke cewa korar mutanen Darfur daga ƙauyukansu saɓa yarjejeniyar Afirka ne. Akwai kotun Afirka a Arusha ta Tanzaniya, amma Nijeriya ba ta ba da izinin da zai sa ɗan ƙasa ya shigar da ƙara kai tsaye ba, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku ya ce zai kai ku can.

Ta uku ita ce Geneva. A can akwai mai bincike na musamman kan haƙƙin 'yan gudun hijirar cikin gida. Ba kotu ba ne, ba ya yanke hukunci. Amma kowa yana iya aika masa ƙorafi ta intanet, ba lauya, ba ko sisi. Idan ya ga hujja, sai ya rubuta wa gwamnati wasiƙa yana neman bayani, bayan wani lokaci kuma a wallafa wasiƙar da amsar, ko rashin amsar, duniya ta gani. Wanda ya riƙe muƙamin a lokacin, Chaloka Beyani ɗan Zambiya, ya zo har Maiduguri a Agustan 2016. Wadda ta gaje shi ta ziyarci Nijar a Maris na 2018 ta nemi a yi doka, dokar ta fito a ƙarshen shekarar. Ba mu ce ziyarar kaɗai ta haife ta ba, amma ta tura. Sannan duk bayan shekara huɗu da rabi kowace ƙasa tana zama a gaban sauran a duba ta, kuma ƙananan ƙungiyoyi irin tamu suna da damar aika nasu rahoton. An duba Nijeriya a 2009, 2013, 2018 da Janairun 2024. Sau huɗu ke nan. Ƙungiyoyin marubutan Arewa nawa suka aika ko shafi ɗaya?

Mun san abin da za a ce, domin mu ma muna faɗa wa kanmu. Waɗannan hukumomi ba su da ɗan sanda ko ɗaya. Gwamnatin Sudan ba ta aiwatar da hukuncin Darfur ba. Kotun ECOWAS ta ce a saki Sambo Dasuki a Oktoban 2016, ba a sake shi ba sai Disamban 2019, shi da ke da manyan lauyoyi, balle bazawara daga Gwoza. Kotun manyan laifuka ta Hague ta shafe shekara goma tana nazarin Nijeriya, a Disamban 2020 Fatou Bensouda ta ce akwai dalilin buɗe bincike a kan Boko Haram da kuma jami'an tsaro, daga nan abin ya yi sanyi. Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙofar da Hadizatu ta bi ta rufe wa 'yan uwanmu na Diffa da Tilaberi. Ga Gaza kuma, wadda ta isa ta sa kowa ya yanke ƙauna daga duk wani abu mai suna dokar duniya. Duk gaskiya ne.

Amma ku lura da abu ɗaya. Mutanen da ke cewa kotun duniya aikin banza ce, su ne suka yi ta yaɗa hoton lauyoyin Afirka ta Kudu lokacin da suka kai Isra'ila ƙara a Disamban 2023. Su ne suka yaba wa ƙaramar Gambiya da ta kai Myanmar gaban kotun a 2019 saboda Musulmin Rohingya. A lokacin ba mu ji an ce kayan Bature ne ba. Sai da aka zo kan matan Bama da na Zurmi ne kotu ta zama tona asiri?

Gwamnatinmu ba ta tsoron rubutunmu na Facebook, ta san gobe wani labarin zai danne shi. Abin da take tsoro shi ne takarda mai lamba da kwanan wata da za a karanta a gaban waɗanda take neman bashi da makamai a wurinsu. A Oktoban 2016 Human Rights Watch ta fitar da bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi lalata da su a sansanoni bakwai na Maiduguri, wasu don a ba su abinci. Kowa a garin ya san ana yi, an daɗe ana raɗa. Sai da ya fito a rubuce, duniya ta gani, Shugaba Buhari ya ba da umarnin bincike, aka sanar da kama wasu jami'ai. Abin kunyar shi ne sai da baƙo ya zo ya rubuta abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu. Haka Arewa maso Yamma: shekara da shekaru tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekara-shekara ya tsaya ne a Borno da Adamawa da Yobe, kamar wanda 'yan bindiga suka kora daga Zamfara ba ɗan gudun hijira ba ne. Wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin kasafi.

A nan laifin ya dawo kanmu. Duk waɗannan ƙofofi abu ɗaya suke nema, shaida a rubuce: wane gari, wace rana, ƙarfe nawa, su wa suka zo, me suka sa a jiki, wa ya gani, wa aka kai wa kuka, me ya ce. Ana korar ƙararraki da yawa saboda babu wannan, ba don ƙarya aka yi ba. Mu kuwa da sana'armu ita ce saurare da rubutu, mun iya cika shafi goma da kwatancen idon jaruma da lefenta, amma ba mu taɓa zama awa ɗaya da dattijuwar da ke kwana a masallacin unguwarmu mun rubuta sunan ƙauyensu ba. Matan Knifar, 'yan gudun hijira daga yankin Bama waɗanda aka tsare mazajensu, yawancinsu ba su yi boko ba, amma sun haɗa kai sun tara sunayen mazan da na waɗanda suka mutu, suka kai wa hukumomi. Sun riga mu, mu masu difloma da digiri.

Sai dai a yi hattara, don akwai wata hanya da ta fi shirun muni. Mun ga masu ɗaukar hoton yaro mai ƙwashiyoko su rubuta neman tallafi da Turanci, kuɗi ya shigo, a yi taron bita a otal, a raba kuɗin mota, yaron yana nan inda yake. Mun ga kuma masu ɗora fuskar mace da cikakken sunanta a kan labarin fyaɗe don neman masu sharhi, alhali wanda ya yi mata yana nan a ƙofar sansanin da bindiga, mai rubutun kuwa ya koma gida ya yi barcinsa. Ba a rubuta labarin mutum sai da yardarsa, bayan an gaya masa da harshensa ina takardar za ta je da abin da ka iya biyo baya. A kotu sai da suna, don haka shiga kotu shawarar mai haƙƙi ce da lauyansa, ba tamu ba. Wurin mai binciken Geneva kuwa ana iya neman a sakaya suna a abin da za a wallafa. Kada kuma a yi wa kowa alkawarin diyya gobe. A gaya masa gaskiya: zai iya ɗaukar shekara biyar, zai iya ƙarewa ba a samu komai ba sai takarda.

Yaya, ba mu ce a tsallake gida ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana da ofisoshi a jihohi, a fara da ita, a karɓi shaidar an kai, domin ita kanta wannan shaidar hujja ce idan an je gaba. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ce daga nan hanya ta ƙare.

Mu huɗu na bencin baya mun fara fassara yarjejeniyar Kampala zuwa Hausa, mun kai sashe na 5. Sashe na 9 da na 11 muke son su fito nan da mako biyu, a karanta su da murya a tura ta WhatsApp don waɗanda ba su iya karatu ba. Muna neman lauya ɗaya da zai duba mana kada mu karkatar da ma'ana, da mai jin Barbarci, da mai jin Fulatanci. Wanda zai iya ya yi mana magana kafin Juma'a.